Wuyan Baba da Wuyan Inna

A gidanmu na Zongo mutum ɗaya ba ya ciwo shi kaɗai. In Baba ya tashi da ciwon baya, kafin azahar Inna za ta tuna cewa nata bayan ya riga nasa farawa, ita dai ba ta da yawan ƙorafi ne. In ya yi mura, ita ta yi mura da tari. Shekarar da aka ce masa yana da hawan jini, wanda mu a Kwatano muke ce wa tansiyo, Inna ta je asibiti ita ma, ta dawo da tansiyo da ciwon suga, ta jera magungunanta a kan talabijin inda kowane baƙo zai gani.

Baba dillalin raguna ne. Ya zo Kwatano daga Gaya, wadda ke kan hanyar Yamai, yana saurayi, a bayan motar dabbobi, bai sake komawa ba sai ziyara. Muryarsa ce jarinsa. In ya ce wa mai saye "albarka" a bakin turke, har masu gyaran babur na can ƙarshen layi sai sun ji. Inna kuwa haifaffiyar Zongo ce, tana da rumfar atamfa, tana jin Fon da Yarbanci da Faransancin kasuwa, wanda ya ishe ta ciniki, ya kuma ishe ta zagi. Ni ce autarsu, ni ce aka bari na yi karatu har jami'a a Abomey-Calavi, don haka duk abin da ya shafi likita ko ofis ni ake kira.

Wata safiya cikin damina na biya in gaishe su kafin in wuce wurin aikina a unguwar Saint-Michel. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk ta jiƙe. Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa yana shan koko. Ina cikin cire takalmi na ga ludayin ya faɗi daga hannunsa na dama. Ya zuba wa hannun ido kamar na wani ne aka ajiye masa a cinya. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba Zabarmanci ba ne, ba kuma wani yare ba ne da aka taɓa ji a Zongo, unguwar da babu yaren da ba a yi a cikinta. Gefen bakinsa ya ɗan zube.

Inna ta fito daga madafa da farantin ƙosai a hannu. Ta ce, "Alhaji, wane irin wasa ne wannan da sassafe?"

Ya sake buɗe baki, harshen ya ƙi. Ta ajiye farantin a ƙasa, cikin ruwa, ta durƙusa ta riƙe masa hannun. Ban taɓa ganin ta yi shiru irin na ranar ba.

Kafin in fita titi in samo mota in dawo, abin ya sake shi. Na tarar yana murza yatsunsa yana cewa ba komai, sanyin damina ne ya kama masa hannu.

Inna ta ce, "Sanyin damina ne kuma ya koya maka yaren aljanu?"

Ya ce shi babu inda za shi, yana da raguna da za a sauke daga arewa. Inna ba ta yi masa musu ba. Ta fita tsakiyar gida inda matan 'yan haya ke wanki, ta ɗaga murya ta gaya musu, da Fon sannan da Hausa, cewa su yi wa Alhaji uzuri, tun aurensu yake tsoron allura. Ba a jima ba ya fito da hularsa a kai, ya shiga motar bai kalli kowa ba.

Likitar da aka tura mu wurinta mace ce, gajera, 'yar kudu, da furfura kaɗan a gaban goshi. Ta saurari labarin, ta sa aka kwantar da Baba aka shafa masa wani abu mai yauƙi a wuya, aka yi ta goga na'ura ana kallon allo. Na'urar tana fitar da ƙara, fuu, fuu, kamar mai hura wutar ƙira. Da aka gama ta zaunar da mu, tana yi da Faransanci ina juya wa Baba, don shi Faransancinsa a lissafi ya tsaya.

Ta ce akwai manyan jijiyoyi biyu a wuya, ɗaya hagu ɗaya dama, su ke kai jini ƙwaƙwalwa. Maiƙo yakan taru a jikinsu ya daskare, hanya ta ƙuntata. Ta Baba ta hagu ta ƙuntata sosai. Abin da ya same shi da safe, wani ɗan ɓarɓashi ne ya ɓalle daga wurin, ya hau sama ya toshe wata ƙaramar hanya, sannan Allah ya sa ya narke. Ta ce wannan gargaɗi ne, na gaba zai iya zama shanyewar ɓarin jiki wadda ba ta sakin mutum.

Muna cikin haka Inna ta matso da kujerarta. Ta ce da ni, "Gaya mata nima wuyana ya daɗe yana damuna. Tun kafin nasa."

Na ce, "Inna, ba ciwon wuya ake magana ba."

"Ke aka tambaya? Gaya mata."

Na gaya mata, ina jin kunya. Na zaci likitar za ta yi murmushi ta wuce. Sai ta tambayi shekarun Inna da magungunan da take sha, ta ɗora abin sauraron ƙirji a gefen wuyanta, ta saurara, ta ce a kwantar da ita ita ma. Inna ta hau gadon nan tana gyara ɗankwali kamar wadda za a ɗauka hoton fasfo. Aka duba, aka kuma samu. Tata ta dama ce, ita ma ta ƙuntata, ba ta kai ta Baba ba amma ba ta yi nisa da ita ba.

Inna ta sauko ta dubi Baba, ta ce, "Ka gani ko."

Murnar ba ta daɗe ba. Likitar ta ce Baba tiyata za a yi masa, kuma cikin 'yan kwanakin nan, kada a ja lokaci. Za a buɗe gefen wuyan, a tsaga jijiyar, a kankare maiƙon, a ɗinke. Inna kuma za a ƙara mata ƙwayoyi, a gyara mata abinci, ta riƙa tafiya da ƙafa, ta riƙa dawowa ana dubawa.

Na juya maganar da kyau, na ce tiyata. Amma Baba mutumin Gaya ne, a can wata kalma ake amfani da ita, kuma ita ce dai kalmar da mahauta ke faɗa in za su cire wa dabba fata.

Ya ce, "Fiɗa ke nan."

Na ce, "Aiki ne, Baba."

"Fiɗa. A wuya." Ya kai hannu ya shafa wurin. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana danne wuyan rago wani na wasa wuƙa, babu abin da za ka gaya masa game da wuya da wuƙa.

Inna kuwa ta miƙe zaune. Ta ce, "Tsaya. Shi za a yi masa aiki, ni a ba ni ƙwaya? Ciwon ba iri ɗaya ba ne? Tambaye ta, don shi namiji ne?"

Na ce da likitar, cikin ladabi, mahaifiyata tana son ƙarin bayani game da bambancin maganin. Inna ta harare ni. Ta ce ba haka ta faɗa ba, ta juya ta yi wa likitar tambayar da kanta da Fon, ta ƙara da cewa ta san halin asibiti, abu mai kyau na maza ne, mata sai farasitamol.

Likitar ta yi dariya har ta cire tabarau. Daga nan suka ci gaba da Fon, ni kuma na koma juya wa Baba abin da matarsa ke cewa.

Ta ce wa Inna babban dalili shi ne jijiyar Baba ta riga ta yi ɓarna, tata kuwa shiru take, ba ta taɓa jefo komai ba. Aikin kansa yana da haɗari, ana cikin kankarewa wani abu zai iya ɓallewa ya haifar da shanyewar da ake gudu. Saboda haka ba a yin sa sai haɗarin barin jijiyar ya fi na taɓa ta.

Inna ta ce, "To in da ni namiji ce, da wannan wuyan nawa, me za ki ce?"

Likitar ta ce da za ta fi daɗewa tana tunani. Ta ce gaskiya ne, zama mace yana cikin lissafin. Jijiyar mace ta fi sirantaka, aikin ya fi wuya a kanta, kuma a abin da aka gani, mata sukan ɗan fi maza samun matsala lokacin aikin. Sannan maiƙon da ke jijiyar mace sau da yawa ya fi zama lafiyayye, ba ya yawan farfashewa kamar na maza. In an haɗa biyun, namiji mai irin wannan ƙunci ya fi cin ribar wuƙa, mace kuwa ribar ba ta fito fili ba, ƙwaya za ta iya yi mata abin da wuƙar za ta yi.

Inna ta ce, "Wato har maiƙonmu ya fi nasu hankali."

Likitar ta ce ba za ta musa ba. Ta kuma ƙara da wani abu da ban zaci za ta faɗa ba. Ta ce mutanen da aka yi gwaje-gwajen nan a kansu yawancinsu maza ne, don haka abin da likitoci suka sani game da wuyan mata bai kai abin da suka sani game da na maza ba.

Na ɗauka nan Inna za ta tayar da rigima. Ta yi tunani, ta ce, "A'a, wannan daidai ne. Gara a koya a kansu tukuna."

Kafin mu fita likitar ta riƙe hannun Inna ta daina dariya. Ta ce in ta taɓa jin hannu ko ƙafa ta mutu, ko harshe ya karye, ko ido ɗaya ya rufe ko da na ɗan lokaci ne, ta zo a ranar, kada ta jira gari ya waye. A lokacin lissafin zai canza, kuma ga mace, in an yi jinkiri amfanin aikin ya fi saurin gushewa.

Baba ya taɓa ni. Ya ce, "Tambaye ta, ni ba za a iya ba ni irin na mata ba?"

Likitar ta ce a'a.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma wurin taro. Abokan Baba na kasuwar raguna suka yi ta zuwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce tafarnuwa da zuma. Wani ya ce akwai wanzami a Kandi da ke tsotse mataccen jini daga ƙeya. Wani dogon dattijo ya ce shi bai taɓa jin an yanka wuya mai shi ya tashi ya ce an gode ba. Baba yana ta gyaɗa kai, yana jin daɗin maganar. Inna kuma tana zuba musu shayi tana gaya wa kowa cewa ita ta nemi aikin da bakinta aka hana ta, shi an ba shi yana gudu. Matan unguwa da suka zo dubiya, rabi suka tafi da tunanin Inna ce marar lafiyar.

Ni na yi magana har na gaji. Yayyena suka bugo waya daga Parakou da Yamai, ya ce musu yana nazari. Lokacin da likitar ta ce kada a wuce kuwa yana ta tafiya.

Abin ya warware ne wata la'asar da baƙi suka watse. Ina ɗauraye kofuna a bakin famfo, su biyu suna zaune a baranda. Inna tana tsince wake a tire, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, ka san maƙwabcinmu na bayan masallaci da ya faɗi bara."

Ya ce ya sani.

"Na je gidan. Matarsa ke juya shi, ita ke wanke shi. Idanunsa na bin mutane, bakin babu. In ka faɗi, ni zan yi maka haka. Bayana ba shi da kyau amma zan yi, ba zan bar wa surukai ba." Ta watsar da wata tsakuwa. "Abin da ba zan iya ba shi ne in yi maka faɗa ka kasa ramawa. Da wa zan yi?"

Baba ya leƙa tiren. Can ya ce, "Waken nan kin bar tsakuwa a ciki jiya."

Ta ce, "Haƙoranka ne suka tsufa."

Da na zo tafiya ya kira ni ya ce in gaya wa gajeruwar matar nan ya yarda.

Wanda zai yi aikin wani likita ne dabam, namiji, matashi, mai siraran yatsu. Da ya zo gaishe da Baba a ɗakin kwanciya, Baba ya kama hannunsa ya juya gaba da baya, yadda yake duba kofaton rago. Ya ce in tambaye shi ko ya taɓa yanka ragon layya. Likitan ya ce shi Kirista ne, ko kaza bai taɓa yankawa ba, mahaifiyarsa ke yi.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Wanda ya saba, hannunsa ba ya tsayawa a rabi."

Da safe aka shiga da shi. An ce kada ya ci komai, amma Inna ta zo da kula cike da tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce ba a zuwa asibiti hannu rabbana. Muka zauna a benci. Ta yi rigima da wata mata a kan wurin zama, ta yi rigima da mai shara a kan ya taɓa mata ƙafa da tsintsiya, ta aike ni sayen ruwa alhali ga ruwa a jakarta. Da rigimar ta ƙare mata, ta fito da carbi. Na lura ba ta ja, riƙe shi kawai take yi, ta naɗe shi a yatsa har yatsan ya yi fari.

Ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, "Ya ce miki wani abu? Game da gida, ko raguna?"

Na ce bai ce komai ba.

Ta ce, "Haka yake. Sai ya bar mutum da aiki."

Wajen azahar likitan ya fito ya ce an gama lafiya. Ya nuna mana abin da aka ciro a cikin ɗan kwalba, wani abu rawaya, bai kai ɗan yatsa ba, kamar guntun kitsen da ake yarwa a bakin tukuba. Inna ta ɗaga kwalbar ta duba a haske. Ta ce, "Duk tsiren da ya ci a ɓoye ke nan." Sannan ta zauna a kan kular tuwon ta rufe fuska da mayafi, tana kuka. Na tsaya a gabanta don kada mutane su gani.

Baba ya farka da hannunsa da ƙafarsa da hankalinsa. Abin da bai farka da shi ba murya ce. Ya buɗe baki, sai wata 'yar iska ta fito, kamar ana murza leda. Likitan ya ce akwai jijiyar murya kusa da inda aka yi aikin, takan ji jiki, yawanci tana dawowa a hankali. Baba ya yafito ni, na kai kunne bakinsa. Ya ce, "Tambaye shi ko ya duba cikin kwalbar, wataƙila can muryata take."

Matsalar ita ce babbar salla ta matso, lokacin da dillalin raguna ke yin cinikin shekara. Da ya ɗan warware ya ce sai ya fita. Aka naɗa masa rawani a wuya, aka kai masa kujera bakin turke. Amma dillalin da ba a jin sa daga taku biyu ba dillali ba ne. Inna ta rufe rumfarta ta ce za ta zama bakinsa.

Na ɗauki hutu na bi su ranar farko, kuma ban yi nadama ba. Baba zai raɗa mata magana a kunne, ita kuma ta faɗa da ƙarfi, sai dai abin da ke shiga ba shi ke fita ba. Wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa ya taya wani babban rago tayin raini. Na ji Baba ya raɗa, "Ce masa albarka, ya ƙara kaɗan."

Inna ta ce, "Alhaji ya ce in kaza kake nema ka tafi kasuwar Saint-Michel."

Mutumin ya tafi. Baba ya buga sandarsa a ƙasa, ya ja mayafinta, ya yi ta hura mata iska a kunne. Ta ce wa mutanen da suka taru, "Yana gode muku da addu'a."

Ita ba ta san rago ba, atamfa ta sani. Ba ruwanta da haƙori ko ƙaho ko faɗin gadon baya. Sai ta ce wa mai saye ya dubi yadda baƙin ya zauna a kan farin, ba ya zuba. Abin mamaki, mata suka fara zuwa. Hajiyoyin da a da suke aiko direba suka zo da kansu don su yi ciniki da ita, su kuma ji labarin wuyanta, wanda ba ta hana kowa ba. Ta sayar da raguna, ba zan ce ba ta sayar ba. Amma ta ƙi sayar wa wani tsohon abokin cinikin Baba saboda matarsa ba ta zo dubiya ba, ta kuma ba wata ƙawarta ragon da Baba ya ware wa gida. Bayan 'yan kwanaki ya sallame ta. Da raɗa ya yi, don haka ta ce ba ta ji ba, ta sake zuwa washegari.

Muryar ta dawo bayan salla, a hankali, ta ɗan dushe, ba ta kai ƙarshen layi kamar da. Jimlar farko da na ji ya faɗa da ƙarfi ita ce a rage gishiri a miya, likita ta hana. Inna ta ce da ta sani da ta roƙi yaron likitan nan ya ɗan ƙara matsa jijiyar muryar.

Tafiyar ƙafa da aka umarce su suka riƙa yi tare da safe, daga Zongo su nufi bakin teku ta wajen Placodji, shi a gaba da sanda, ita a baya tana cewa yana sauri don ya nuna wa mutane an yi masa aiki. Na daɗe ina yaba musu kafin in gano cewa a can akwai wata mata mai soya kifi da ta san su sosai.

Inna ba ta daina zancen aikin da aka hana ta ba. Duk randebu da muka je, wato ranar da likita ta sa mana, sai ta tambaya ko an samo wuƙa ta mata. Likitar takan duba allo ta ce wuyan yana nan yadda yake, a ci gaba da ƙwaya.

Bayan kamar shekara biyu, wata rana da yamma ina wurin aiki, maƙwabciyar rumfarta ta bugo mini ta ce in zo, Inna ta ce hannunta na hagu ya mutu. Na tarar da ita zaune a kan dilar atamfa, ta riƙe hannun da ɗayan. Magana na fita daidai, fuska daidai, amma yatsu biyu ba ta jin su. Na tuna abin da aka gaya mana. Babu mota kusa, na tsayar da zemijan biyu, 'yan acaɓarmu masu rigar rawaya, ta ce ba za ta hau ita kaɗai ba. Muka matsu a kan ɗaya, ita a tsakiya, mai babur na ƙunƙuni.

A hanya ta juyo da kai ta ce, "Yau za su yi?"

Na ce ban sani ba, sai an duba.

Muka wuce wata mahaɗa. Ta ce, "Ni fa da baki nake so."

Na ce na sani.

"Ta ce tawa siririya ce. Ta ce mata sun fi shan wuya." Ashe duk ta riƙe, kalma bayan kalma. Sai na ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Kada ki gaya wa ubanki na yi kuka."

Aka duba ta a ranar, wuya da kai duka. Likitar ta lanƙwasa mata gwiwar hannu, ta danna wani wuri, Inna ta ce wash. Ba daga wuya ba ne. Wata jijiya ce a gwiwar hannu ta danne, saboda yadda take jingina a kan teburin rumfa tun safe tana hira. Likitar ta ce duk da haka mun yi daidai da muka zo, in ya sake faruwa mu sake zuwa, ko sau nawa ne. Ta dubi Inna ta tambaye ta da Fon ko yau ma tana neman wuƙar. Inna ta ce yau ba ta shirya ba, ta bar rumfa a buɗe.

Muna isa gida na gaya wa Baba komai, har da kukan. Ya miƙe. Ya sa hula ya fita, muka ɗauka masallaci ya tafi. Sai bayan magariba ya dawo da leda a hammata, ya ajiye mata a cinya ya wuce ɗakinsa. Turmin atamfa ne, kore da ruwan goro. Mutumin da matarsa ke da rumfar atamfa, ya je ya sayo a wurin matar da rumfarta ke kallon ta Inna, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji.

Inna ta warware shi, ta murza gefen, ta shinshina, ta lasa yatsa ta goga. Ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗaki ta ce an cuce shi, wannan ko kusa ba ɗan Holan ba ne, wanki ɗaya zai zuba, kuma kore bai taɓa karɓar ta ba.

Daga ciki ya ce, da dusasshiyar muryarsa, in ba ta so ta kawo ya mayar.

Ta ce a'a, ba za ta bari a yi masa dariya sau biyu ba. Washegari da safe ta kai wa tela.